Yadda zaka kafa zaman tattauna littafi a laburare, wanda mutane zasu yi magana da bakinsu kuma su dawo

Zama na farko da na taɓa haɗawa a laburare mutum 27 ne suka zo, ni na jera kujerun da hannuna shi yasa na riƙe adadin. Mun gayyato wani malamin jami'a, mutumin kirki ne kuma ya san littafin ciki da bai, ya tashi ya fara bayani bai zauna ba sai da aka ci awa ɗaya da minti 20, aka ce ko akwai mai tambaya, mutum biyu suka yi, aka tafa aka watse. Da wata ya zagayo mutum 6 ne suka dawo. Abun ya dameni sosai, har na kira wata baiwar Allah cikin waɗanda basu dawo ba na tambayeta ko lafiya, tace min lafiya lau, kawai dai ranar ta zo da maganarta a baki ne ta koma gida da ita. Ta ma ninke shafi uku a littafin da take so ta nuna mana, ba wanda ya tambayeta.

Tun ranar nake auna duk wani mataki da abu ɗaya, shin zai sa mai shiru ya buɗe baki ko kuwa zai ƙara rufe masa shi. To ga yadda nake bi yanzu.

Mataki na farko, kaje ka zauna da mai kula da laburaren

Kar ka fara da fosta, kar ka fara da buɗe guruf a WhatsApp. Ka taka da ƙafarka kaje wajen ma'aikacin laburaren, da ɗan gari akan ci gari, shi ya san ranar da ɗakin taro yake a sake, ya san su waye suke zuwa aron littafi duk sati, ya san littafin da ake rububinsa da wanda ƙura ta rufe. Ka tafi da takarda shafi ɗaya tak wadda ka rubuta me kake so ayi, sau nawa a wata, mutum nawa kake tsammani, da lambar wanda za'a nema in wani abu ya taso. Ma'aikata da yawa suna son irin wannan shirin, abun da suke tsoro shine a jibga musu aiki a gudu a barsu dashi, to takardar nan ita ce zata nuna musu kai ba mai gudu bane.

Ka tambayeshi abu huɗu kafin ka tashi: ƙarfe nawa ake rufewa, kwafi nawa suke dashi na littafin da kake tunani, ko suna iya aro daga wani laburaren su ƙara, da kuma ko an yarda a motsa kujeru. Na ƙarshen nan kamar ba komai ba amma zaka ga amfaninsa a gaba.

In garinku akwai ƙungiyar masu adana tarihi ko ɗan gidan tarihi, suma ka leƙa su tun yanzu ka gaishe su ka faɗa musu abun da kake shiryawa, ko da ba zaka buƙace su ba sai bayan wata uku.

Mataki na biyu, mutanen

Mutum 8 zuwa 15 shine daidai. In suka gaza 6 hira tana saurin mutuwa, in suka haura 20 kuma sai kaga mutum huɗu ne ke magana saura sun koma 'yan kallo. Wannan ba sabon abu bane, a ƙasar Suwidin tun 1902 wani malami mai suna Oscar Olsson ya fara haɗa irin waɗannan ƙananan zaman karatu a garin Lund, mutane kaɗan ne suke zama su karanta su tattauna, wanda yake jan zaman ma ɗaya ne daga cikinsu, kuma littattafan da suka saya su ake tarawa su zama ɗan laburaren ƙungiyar. Har yau tsarin yana nan a ƙasar.

Gayyata kuma baki da baki ta fi fosta aiki nesa ba kusa ba. Fosta tana cewa kowa ya zo, shi kuma mutum yana so ne ace masa kai nake so ka zo. Ka nemi mutum 5 da ka sani, ka roƙi kowanne ya zo da mutum ɗaya wanda kai baka sani ba. Kuma dan Allah ka kula kar ya zama duk sa'o'inka ne masu irin karatunka da irin ra'ayinka, domin in kowa ya yarda da kowa minti 20 ya isa a gama. Ka nemi dattijo, ka nemi ɗalibi, ka nemi wanda rabonsa da karanta littafi tun yana makaranta. Irin na ƙarshen nan sau da yawa su suke kawo maganar da take girgiza zama, saboda basu san abun da "ya kamata" a faɗa ba, abun da suka gani kawai suke faɗa.

Mataki na uku, zaɓen littafi, kuma anan ake yawan faɗuwa

Kuskuren da kusan kowa yake yi shine ya zaɓi littafin da shi yafi so a duniya. Matsalar ita ce in wani ya kushe shi zaka ji kamar kai aka zaga, sai ka fara kare littafin maimakon jan hira. Littafin da ya dace da zama shine wanda zai raba kan mutane, wanda akwai wani a ciki da ya yanke hukunci mai wuya, rabin ɗaki suce yayi daidai rabi suce ina, bai kyauta ba. Littafin da kowa zai ce "yayi daɗi" a tashi, a karanta shi a gida kawai.

Tsawo ma ka duba. Mutanen da kake gayyata suna da aiki da iyali da gajiya, in ka basu shafi 500 a wata ɗaya rabinsu ba zasu gama ba, kuma wanda bai gama ba kunya ce take hana shi zuwa, ba ƙin zaman yake ba. A farko ka tsaya a shafi 150 zuwa 250. In ma kana so ka gwada ruwa ne, fara da gajeren labari ko waƙa ɗaya ko wasiƙar tarihi mai shafi biyu wadda za'a karanta a wajen da babbar murya, kaga babu wanda zai ce bai shirya ba.

Sai maganar kwafi. Kar ka sanar da littafi sai ka tabbatar kowa zai iya samunsa. In laburare yana da kwafi 4 ku kuma ku 12 ne, a raba mutane uku uku a sa ranar da kowa zai miƙa wa na gaba, a rubuta. Ban yarda da ɗaukar littafin mutum sukutum a kai fotokwafi ba, haƙƙin marubuci ne, kuma zaka jefa laburaren cikin matsala. Amma akwai tsofaffin littattafai da wa'adin haƙƙin mallakarsu ya ƙare, a ƙasashe da yawa shekara 50 ne ko 70 bayan rasuwar marubucin, irin waɗannan ana samunsu kyauta a intanet, misali a Project Gutenberg, wani rumbun littattafai na kyauta wanda aka fara tun 1971.

Wata dabara da nake so sosai ita ce a ɗauki jigo ɗaya a jera littattafai a kansa, maimakon yau gabas gobe yamma. Ƙungiyar laburarorin Amurka ta fara wani shiri a 1982 mai suna Let's Talk About It, da tallafin hukumar ƙasar mai kula da ilimin ɗan Adam wadda aka kafa a 1965, tsarinsu shine littafi 5 akan jigo ɗaya, masani yayi ɗan gabatarwa sannan jama'a su karɓa. Amfanin jigo shine a zama na uku zaka ji wani yace ai wannan uwar ba irin uwar littafin farko bace, daga nan hira ta fara zurfi da kanta. Jigo kamar ƙaura da barin gida, ko aiki da mutunci, ko abun da tsofaffi suke bari wa yara, babu wanda bashi da abun faɗa a kai. Akwai kuma tsarin da gari guda yake karanta littafi ɗaya a lokaci ɗaya, wanda aka fara a birnin Seattle na Amurka a 1998, amma wannan sai kun yi ƙarfi, kar ka fara dashi.

Littafin farko kai ka zaɓa. Daga na biyu ka kawo guda uku a jefa ƙuri'a.

Mataki na huɗu, rana da wuri

Rana ɗaya tsayayya, misali Asabar ta farko a kowane wata, ƙarfe kaza, kar a riƙa canzawa don mutum ɗaya bashi da hali. Awa ɗaya da rabi ya isa. A fara akan lokaci ko mutum 4 ne suka zo, a tashi akan lokaci ko hira tana tsakiyar daɗi, gara su tafi suna so a ƙara.

Kujeru kuma a zagaye, kowa yana ganin fuskar kowa. Babu tebur babba a gaba, babu lasifika, babu wanda yake tsaye. Da zarar ka jera kujeru layi layi ka gaya wa mutane cewa sauraro suka zo, ko baka faɗa ba.

Mataki na biyar, jan zaman kansa

Anan zan daɗe domin nan ne zuciyar abun. Mai jan zama aikinsa tambaya ne da tsaron ƙofa, ba bayani ba. In ka lissafa ka ga kai ka fi kowa magana a ranar, to zaman bai yi ba ko da an yaba maka.

Ka karanta littafin da fensir a hannu, ka fito da tambaya 8 zuwa 10 duk da cewa da ƙyar zaka yi amfani da 5. Ka guji tambayar da amsarta eh ce ko a'a, ka guji tambayar jarrabawa irin "wa zai tuna sunan ƙanen wane", wannan tsorata mutane take yi. Tambaya mai kyau ita ce wadda kai kanka baka da tabbacin amsarta. Me yasa kuke ganin ta ƙi faɗa masa gaskiya alhali tana da dama? Da kai ne a matsayinsa a babi na 7 me zaka yi? Wane wuri ne ka ji ranka ya ɓaci da marubucin? Irin waɗannan.

Buɗewa kuma ina yin abu ɗaya kullum, a zagaya kowa ya faɗi sunansa ya karanta layi ɗaya ko biyu da suka tsaya masa a rai, ba sharhi, karantawa kawai. Dalili shine wanda ya riga yaji muryarsa a ɗaki a minti 10 na farko, magana ta biyu bata masa wuya. Wanda kuma aka kai rabin zama bai ce uffan ba, da wuya ya ce.

Sai babban gwaji, shiru. Zaka jefa tambaya ɗaki yayi tsit, zuciyarka ta fara bugawa, kaji kamar dole ka cike gurbin. Kar ka cike. Wata mai binciken harkar koyarwa a Amurka, Mary Budd Rowe, ta nazarci azuzuwa a farkon shekarun 1970 ta gano cewa malamai basa jira fiye da kamar daƙiƙa ɗaya bayan sun yi tambaya, kuma in aka ja jiran ya kai daƙiƙa 3 ko fiye amsoshi suna ƙara tsawo, waɗanda basa magana ma suna fara yi. Manya ma haka suke. Ni ina ƙirga goma a zuciyata ina kallon littafin dake hannuna, kusan kullum kafin in kai takwas wani ya gyara murya.

Akwai mutum uku da zaka haɗu dasu a kusan kowane zama. Na farko mai kane-kane, wanda duk tambaya shi zai fara amsawa kuma baya gajiya. Yawanci ba mugunta bace, son abun ne yayi masa yawa. Kar ka kunyata shi a gaban mutane, kace "mun gode, bari mu ji daga wannan ɓangaren da bamu ji ba tukuna", in abun ya ci gaba ka same shi bayan an tashi ka roƙe shi ya taimaka maka wajen jawo masu shiru, sau da yawa in ka bashi wannan aikin sai ya zama na hannun damanka. Na biyu wanda bai gama littafin ba. Ka faɗa tun ranar farko cewa ko baka gama ba ka zo, sai dai kar ka ji haushi in an faɗi ƙarshen labarin. Na uku wanda zai ɗauki hira ya kaita wani gari daban. Ka barshi kaɗan, domin wani lokacin labarin rayuwarsa da ya tuno shine mafi tsadar abun da za'a ji a ranar, amma in yayi nisa sai kace "wane wuri a littafin ne ya tuno maka da wannan?" kaga ka dawo dashi gida ba tare da ka katse shi ba.

In gardama ta yi zafi, musamman in littafin ya taɓa addini ko siyasa ko ƙabila, doka ɗaya ce take cetona, a soki magana kar a soki mai magana, kuma duk wanda yayi iƙirari ya nuna mana shafi. Neman shafin nan kaɗai yana sanyaya mutum. Ko ƙungiyar tattaunawa da Benjamin Franklin, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ƙasar Amurka, ya kafa da abokansa a birnin Philadelphia a 1727, wadda suke haɗuwa duk daren Juma'a, sai da suka sa 'yar tara akan wanda ya yi magana da gadarar cewa shi ne mai gaskiya ko ya ƙaryata ɗan uwansa kai tsaye. Daga tara littattafansu waje ɗaya ne kuma tunanin laburaren da suka kafa a 1731 ya fito.

Mataki na shida, in zaka gayyato masani

Ka gayyato, yana da amfani ƙwarai, amma ka gaya masa tun a waya cewa minti 15 ne nasa, yayi bayanin zamanin da aka rubuta littafin da abun da mai karatu na yau bazai gane da kansa ba, sannan ya zauna cikin da'ira kamar kowa. Ka roƙe shi kar ya faɗi ra'ayinsa akan ma'anar littafin sai can ƙarshe, domin da zarar farfesa yace ga ma'ana, babu mai ƙarfin halin cewa shi ba haka ya gani ba.

Mataki na bakwai, haɗa hannu da masu adana tarihi

Bayan zama uku ko huɗu, in kun fara sabawa, lokaci yayi da zaka koma wajen mutanen nan da ka gaisar tun farko. Abun da suke dashi wanda littafi bashi dashi shine abun taɓawa. Kuna karanta labarin ƙaura, sai su kawo tsohuwar taswira ko hoton tashar jirgi ko wasiƙar da wani ya aiko gida shekara 80 da suka wuce, a ajiye a tsakiya. Na taɓa ganin wani dattijo da bai ce komai ba zama uku a jere, ranar da aka kawo wani tsohon hoton ma'aikata sai ya ɗauka ya matso dashi kusa da idonsa, ya daɗe, sannan ya sa yatsa akan mutum na uku daga hagu yace wannan shi ya koya min aiki. Minti 20 yana magana babu wanda ya motsa.

Zaka iya ware zama guda kace kowa ya zo da abu ɗaya daga gidansu mai tarihi ya bada labarinsa cikin minti 5. In mutane suka kawo hotuna da takardu ka kula dasu kamar ƙwai, a wanke hannu a busar, kar a rubuta a bayan hoto da biro sai fensir mai laushi, kar a manna salatif, kar a kai a yi musu laminatin domin zafi da gam ɗin suna lalata takarda kuma ba'a iya cirewa. A ɗauki hoto ko ayi sikanin a mayar wa mai abu abunsa a ranar, a rubuta sunan wanda ya kawo da su waye a ciki da shekarar da yake zato.

In zaku naɗi muryar dattawa, waya ma ta isa in ɗakin babu hayaniya, amma izini kafin komai. A gaya wa mutum ina za'a ajiye, wa zai iya saurare, ko za'a sa a intanet, ya amince a rubuce ko a farkon naɗin da bakinsa, kuma yana da damar cewa a goge wani wuri. A fara naɗin da faɗin rana da wuri da sunan masu magana. A ajiye kwafi biyu a wuri biyu daban, ɗaya a hannun ƙungiyar tarihin, domin waya tana ɓata tana faɗawa ruwa.

Mataki na takwas, abun da zai sa ya ɗore

Minti 5 kafin a tashi, tun mutane basu miƙe ba, a faɗi littafi na gaba da ranar, a raba kwafin da ake dashi a take. A mayar da kujeru yadda aka same su, a yi wa ma'aikacin laburaren godiya a gaban kowa. Kwana uku kafin zama na gaba ka tura tunatarwa da tambaya ɗaya da zata sa mutum ya ɗauko littafin. Wanda ya yi fashi sau biyu a jere ka kira shi a waya, kar ka tambaye shi a guruf.

Adadi zai faɗi, yawanci wajen zama na uku ko na huɗu, kar hankalinka ya tashi, waɗanda suka rage su ne ƙungiyar. Ka samu littafin rubutu guda ɗaya na ƙungiya, duk zama a rubuta rana da littafin da aka karanta da yawan waɗanda suka zo da tambayar da tafi tada hira da wadda ta mutu a wajen. Wannan littafin shi zaka nuna wa laburare ko wata hukuma ranar da kuke neman ƙarin kwafi ko tallafi, kuma shi zai koya wa na bayanka aikin.

Daga zama na biyar ka fara sakin ragama. Ka zaɓi mutum ɗaya, kuma in son samu ne cikin masu shirun nan na farko, ku zauna tare kwana biyu kafin zaman ku fitar da tambayoyi, ranar kuma ka miƙa masa littafin rubutun ka koma can gefen da'ira ka zauna, in shiru ya faɗo ya kalle ka yana neman agaji, ka sunkuyar da kai ka ƙirga goma tare dashi.